Wushiryar Alheri

Kaduna

Zuwa ga Baban Jawahir,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Na ba direban motar Kontagora wannan takarda ne tunda ka daina ɗaga wayata.

Na ga Jawahir a Rijau wajen bikin ɗan ƙanenmu Andarawus. Ta taho da gudu ta rungume ni tana dariya, ni kuwa na tsaya kallon bakinta. Haƙoranta na gaba sun fara buɗewa, na sama sun soma turowa waje kamar da.

In ka manta, bari in tuna maka. Bayan rasuwar uwarta, ƙanwata Alheri, na ɗauko yarinyar nan, haƙoranta na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa ta gaba. Likita ya cire mata huɗu na gefe don a samu wurin mayar da sauran ciki, ya ɗaura mata ƙarafa. Ni na san kukan da ta sha duk ranar da aka ƙara matse su, ni na dama kunun da ta rayu a kansa. Da aka kwance ƙarafan ya ba ta wata roba, ya ce ta riƙa kwana da ita a baki, domin haƙori yana neman komawa inda ya fito har tsufa. Na tambaye ta ina robar, ta sunkuyar da kai. Yarinyar ba ta iya ƙarya ba.

Na nuna wa likitan hoton bikin. Ya ce in ta zo yanzu gyaran ƙarami ne, in aka bari kuwa sai a koma ɗaura ƙarafa, haƙoranta huɗu sun tafi a banza ke nan. Ka turo mini ita. Ba roƙonka nake yi ba.

A gaida mutanen gida.

Ruth

Kontagora

Zuwa ga Yaya Ruth,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, da aikin asibiti. Takardarki ta same ni a rumfar hatsi, na karanta ta har da tsawar da ke ciki.

Ki daina tuhumar yarinya. Robar tana wurina, ni na ɗauke ta, kuma ban yi nadama ba. Gyara kika ce mini za a yi, na amince saboda girmanki. Sai ga 'yata an dawo mini da ita an fige mata haƙora huɗu lafiyayyu, ba tsutsa, ba ciwo. Ko akuya zan saya sai na buɗe bakinta na duba, balle 'yar mutum. Kuma aikin da sai an tokare shi kullum, aiki ne? Rumbun da ke tsaye da taimakon sanda ni ba na zuba masa hatsi.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Wa ya ce ku rufe mata wushirya? Ki zaga Kontagora kaf ki tambaya, wace mace ce Allah zai ba wushirya ta kai wa likita ya toshe? Ranar da na fara ganin Alheri a kasuwar Rijau, ina awon gero, dariya ta yi mini a kan mudu, na ga wushiryar nan, na kasa ci gaba da awo. Hotonta ɗaya ne a hannuna, a cikinsa ma bakinta a rufe yake. Abin da ta bar mini shi ne wanda ke bakin Jawahir, kika sa aka shafe shi da filaya.

Yanzu Allah yana dawo mini da abina a hankali. In ta gaishe ni da safe ina ganin uwarta, raina ya yi sanyi. Ke kina kiran wannan lalacewa. Ni ban ga abin da ya lalace ba. Jawahir ba za ta zo ba.

Allah ya ƙara girma.

Maikuɗi

Kaduna

Baban Jawahir,

Ina gaisuwa. Kukanka na ji shi, don ni ma 'yar'uwata ce. Amma tunda kai ne masanin bakin Alheri, amsa mini wannan: ka taɓa ganin ta tana cin abinci?

Ba ka taɓa ba. A gidanku ana kai maka kwanonka zaure, mata su ci nasu a ciki. Kai dariyarta kawai ka sani. Ni na tashi da ita a kwano ɗaya. Alheri ba ta iya gatsar komai da haƙoranta na gaba. Masara da babban yatsa take ɓare ta. Nama sai ta yanka shi ƙanana da wuƙa ta tura can gefe. Rake kuwa sai dai ta kalli mutane suna sha. Ranar Kirsimeti bayan rumbu take kai namanta, don yara suna kwaikwayon yadda take karkata kai.

Ka san abin da ta ce mini bayan aurenku? Ta ce, "Yaya, na huta. A gidan nan miji ba ya cin abinci da mata." Murna take yi, ni kuwa na tausaya mata. Da haƙoran Jawahir suka fito irin nata, ita ta fara buɗe mini bakin yarinyar tana hawaye, ta ce ita ta ja mata.

Babu wanda ya tsani wushirya, ni ma na san tana da kyau. Cizo aka gyara. Kai kuma don ka samu abin kallo da safe, ka bar 'yarka tana komawa bayan rumbu. Wannan son kanka ne, ba son Alheri ba.

Kada ka yarda da ni. Masara ta shigo. Ka sayo gasasshiya, ka kira 'yarka zauren nan naka, ka zauna ka kalle ta, in za ka iya.

Ka huta lafiya.

Ruth

Kontagora

Yaya Ruth,

Ina gaishe ki. Na sayo masarar, na kira Jawahir zaure. Mutanen gida sai kallona suke yi kamar na taɓu.

Ta karɓa da hannu biyu, ta kai baki, ta karkata kai ta nemi gefe. Da ta ga ina kallon ta sai ta sauke, ta sa babban yatsa. Can ta ce, "Baba, bari in shiga ciki in ci." Haka uwarta take ce mini duk ranar da na kawo mata tsire. Ni a zatona kunya ce.

Ban yafe miki ba da kika san wannan kika yi shiru har sai da na binne ta. Wayarki ma ba zan ɗaga ba.

Jawahir za ta hau motar safe gobe. Robar tana cikin jakarta, mun gwada, ta daina shiga. Ki tambayi likitan ko zai iya barin 'yar kafa, ko da ta tsinken tsintsiya ce. In ba zai yiwu ba, ya rufe.

Wassalam.

Maikuɗi