Kwalekwalen da Na Zaɓa wa Baba

Litinin, 1 ga Yuli 2024

Na dawo daga aiki a asibiti ƙafafuna kamar ba nawa ba. Baba yana bakin taga inda na bar shi. Ya sake cewa a mayar da shi Yawuri. Na ce wa zai kula da kai a can, hannu da ƙafa ɗaya sun shanye?

Laraba, 3 ga Yuli

Mai gidana Uwaisu ya zo da dabara. Wai mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana fiton mutane da kwalekwale a kogin Kwara, kewar ruwa ke damunsa, mu kai shi kogin Lea, can gaba da Tottenham. Ana ba da hayar wasu ƙananan jirage masu shimfiɗaɗɗen daɓe a kan ganguna biyu, pontoon ake ce musu. In Baba ya ga ruwa a nan, ƙila ya haƙura da zancen gida. Allah ya sa.

Asabar, 6 ga Yuli

Jiragen iri biyu ne. Ɗaya ƙarami, dab da ruwa, sai an ɗauki mutum an sa shi a ciki. Ɗaya ya fi tudu, da shingen ƙarfe da rumfa da ƙofar da keken guragun Baba zai shige. Na nuna masa hotunan a waya. Da hannunsa mai lafiya ya dangwala ƙaramin. Na ce, "Baba, wancan ba tsaro." Ya ce, "Karimatu, ni za ki koya wa ruwa?" Na yi dariya, amma mai shingen na yi booking. Aikin jinya ya koya min tsoro.

Alhamis, 11 ga Yuli

An yi cancel, ruwan sama. Garin nan!

Asabar, 20 ga Yuli

Mun je. Daga gidanmu a Plumstead da dambun nama da shinkafa, kamar masu ƙaura. Keken ya shiga lafiya lau, har na fara yabon kaina. Uwaisu ya kama tuƙi yana ta kumbura, shi da ko a baho bai iya iyo ba.

Muna tsakiyar kogi na ga Baba ya zura hannu ta tsakanin ƙarafan. Yana miƙawa, yana miƙawa, har kafaɗa. Bai kai ba. Ashe ba ya shiga ruwa bai taɓa shi ya yi bismillah ya shafa a fuska ba, haka mutanensu suke yi. Ni 'yarsa ban sani ba. Autata Ihsan ta ce, "Wait, Kaka," ta kwanta rub da ciki ta ɗebo masa a murfin kula. Ya shafa. Sannan ya ce, "Ruwa ne. Amma bai san ni ba."

Na juya ina gyara kwanuka don kada yara su ga idona. Raina ya ɓaci, ba da shi ba.

Litinin, 22 ga Yuli

Yau Baba bai yi zancen Yawuri ba. Ya ci abinci, ya ce na gode, kamar baƙo. Da ma faɗa ya yi min.

Na kira ƙanena Abdul-Salam a can gida Yawuri, na tambaye shi ko ƙofar ɗakin Baba za ta ɗauki keke. Ya ce me ya sa. Na ce tambaya kawai nake yi.

Na ce ya auna dai.