Shirun Baba a Gindin Gawo

Zuwa ga Yaya Halilu, a Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan Maijirgi lafiya lau, hatsi ya yi kyau bana, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san shekara talatin ke nan yana koyarwa a lakwal, makarantar bokon garinmu, kuma bai taɓa yarda allo kaɗai ya isa ba. Shi ne mai kai 'ya'yan manoma zangon Buzaye su koyi yin cuku, ya kai 'ya'yan makiyaya gona su riƙe hauya, kowa sai ya iya gaisuwa da harshen ɗan'uwansa. Ka tuna shirun safe a gindin gawo? Mu rufe ido, can sai ya tambayi kowa abin da ya ji. Kai kullum cikinka kake ji yana kuka.

To, kunnen Baba ya tafi. Ya fi wata biyar, amma ya ƙi a faɗa. Har yanzu yana zaunar da yara, su faɗi abin da suka ji, shi kuwa yana gyaɗa kai yana kallon bakinsu. Ran Talata aka buga ƙarfen shiga aji, kowa ya tashi, aka bar shi zaune ido rufe. Malam Sabiru, shugaban lakwal, wanda shi ma ɗalibinsa ne, ya kawo mini takardar ajiye aikin Baba, ya ce shi kam ba zai iya miƙa masa ba. Tana cikin akwatina kwana tara. Wallahi na rasa yadda zan yi, kullum na ɗauko ta sai in mayar da ita.

Jiya da hantsi ya zaunar da ni, ya ce in rufe ido kamar da. Da ya tambaye ni me na ji, sai na yi ƙarfin hali na ce masa takardarsa ta zo, an sallame shi. Ya yi murmushi, ya ce madalla, shi ma ya ji kurciyar.

Yaya, ka zo. Ni ba zan iya maimaitawa da ƙarfi ba.

Ka gaida Furera da yara. Inna da Kawu Amani suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Rukaiya