Kai Sama, Auta

Zuwa ga abokina Mai Inji,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da wannan gwiwar taka. Ni ma lafiya, sai dai zama ya gagare ni. Wasiƙa biyu na aiko maka bara, ko tari ba ka yi ba. Ban manta ba, amma ba shi ya kawo ni yau ba. Ka yi haƙuri da rubutun. Kai ka koya mini shi a bayan kwalin man inji, in ya karkace laifinka ne.

Maganar Auta ce, 'yata mai aiki a ɗakin magani. Shekararta arba'in da ɗaya yanzu. Tun da likita ya tsorata ta da ciwon suga ta kama gudu, daga gudu ta sayi keke, yanzu ta sa sunanta a wata gasa ta marasa aikin yi: a faɗa tafki a yi iyo, a fito jiƙe a hau keke, a yar da keken a ruga da ƙafa. Saura wata uku. Kuma ba ta iya iyo ba, don ni na hana 'ya'yana kusantar ruwa.

Ran Asabar ta zo da tabaraun roba a goshi kamar kwaɗo, ta zauna a bakin gadona ta ce, "Baba, abokan guduna sun ce wai in nemi koci, mai koyar da iyo. Na ce musu ni 'yar Tarwaɗa ce, wane irin koci?"

Me zan ce mata, ga takardar yabon nan rataye saman kanta? Shekara talatin da takwas ina ɗaure igiyar jirgin fito, ana kirana Tarwaɗa tun ranar da fasinjan nan ya faɗa ruwa. Ni da kai kaɗai muka san ba tsalle na yi ba, santsi ne ya kwashe ni, kuma ko iyo ban iya ba. Kai ka ciro mu duka biyu ta bayan jirgi inda ba a gani, sannan ka koma wurin injinka ka bar ni da tafi. Kai ka jawo mini wannan.

Na ce mata to. Ka aiko mini yadda ake yi, da gaggawa.

Naka,
Tarwaɗa

Mai Inji,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Sati shida ke nan ina leƙa akwatin wasiƙa kamar mai jiran haihuwa. Ba komai. Na gode.

Mun fara ba tare da kai ba. Wurin iyon wani rami ne na siminti, ruwan shuɗi, yana warin maganin wanki. Ina zama a kujerar roba da takalmina a ƙafa, na ce musu ruwan yana sa ni ƙaiƙayi. Abin da na sani shi nake koya mata, wato abin da muke yi wa fasinja ihu kafin igiya ta iso: kai sama, baki rufe, ido a kan gaɓa! Wa ya taɓa mutuwa da wannan?

Akwai wata koci a wurin, siririya mai usur, tana sa manyan mutane su tsoma fuska suna hura kumfa kamar jarirai a baho. Mutum da hankalinsa ya kai hancinsa inda mutuwa take! Na hana Auta ko kallonsu. Jiya kocin ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, in kai ya ɗaga, ƙafa nutsewa take. Ku shiga ku nuna mana naku mana." Na ce wanda ya saba da kogi ba ya shiga kwano. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Amma gaskiya, Mai Inji, yarinyar nan wuyanta a sandare yake kamar akuyar da aka jefa rafi. Tsallakawa ɗaya sai ta rungume bango tana haki, ta ɗago ta ce, "Na yi, Baba?" In ce ta yi. In na dawo gida ba na iya zama. In zagaya layinmu, in dawo, in gyara kujera, in sake fita. Mai shagon kwana ya fara tambayata ko wani abu na yar.

Ran Lahadi za su yi gwaji a babban tafki.

Naka duk da haka,
Tarwaɗa

Abokina,

Ina fatan kuna lafiya. Takardarka ta iso, layi ɗaya tak: "Ka gaya mata." Ta iso ran Talata. Ka makara, kamar kullum.

Ran Lahadi ta kai har balan-balan ɗin farko da aka kafa a tsakiyar ruwa. Masu iyo suka wuce ta, ruwan da suka tayar ya mare ta a baki. Sai na ga ta miƙe tsaye a cikin ruwa, kai sama, ido a kan gaɓa, daidai yadda na koya mata. Ni take nema. Na ji ta kira ni sau biyu. Na ruga, ruwa ya kai mini idon sawu, ƙafafuna suka ƙi. Nan na tsaya da takalmina, har wani mai kwale-kwale ya kamo ta.

A mota tana rawar sanyi ta ce, "Yi haƙuri, Baba, na ba ka kunya a gaban mutane." Wannan ne ban iya haɗiyewa ba. Na gaya mata komai, har santsin. Ta tsayar da mota a gefen titi, ta riƙe sitiyari ta ce, "Da na nutse fa?"

Kwana huɗu ba ta zo ba, ba ta kira ba. Na biyar ta turo ƙofa ko gaisuwa babu, ta jefa mini tabaraun roba a cinya ta ce, "Tashi, Tarwaɗa, aji ƙarfe huɗu ne."

Kada ka yi dariya. Ruwa iya kwankwaso, ni da gajeren wando, Auta riƙe da hannuna, na tsoma fuska na hura kumfa. Na ƙirga shida. Ita a sati biyu ta tsallake ramin sau goma ba tsayawa. Kocin nan kuwa duk lokacin da ta kira ni Tarwaɗa sai ta cika baki. Ina ajiye mata.

Takardar yabon tana cikin ambulan ɗin nan. Na kankare sunana da reza, ka rubuta naka, hannunka ya fi kyau. Gasar kuma saura sati uku, kuma Auta ta ce za ta shiga. Ka ja gwiwar nan ka zo ka tsaya kusa da ni a bakin ruwa. In ta sake kira, a samu mutum ɗaya a cikinmu da zai iya amsawa.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Mai Igiya