Kar Ki Zo Da Zare

Haridwar, safiyar Litinin

Zuwa ga Sugna, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan rairayin garinmu, ke da dariyarki ta fi mini ƙararrawar ɗakin ibada daɗin ji. Gaisuwa daga bakin kogin Ganga, daga marininki Girdhari, mai shuɗin hannun nan da kike yi wa tsiya.

Na iso, Sugna, kuma na ga littafin. Ki bi ni a hankali.

Tun ranar da Baffanki Mangilal ya dangwarar da kofin shayi a gaban iyayenmu ya ce, "Wane irin aure? Ai tsatsonsu ɗaya, wa da ƙanwa ne!" ban ƙara sanin ɗanɗanon abinci ba. Kin tuna yadda na bugi ƙirji na ce zan je har wurin malamin da ke riƙe da littafin kakanninmu, in kawo shaidar da za ta rufe masa baki? Kash! Ashe baki shi ke yanka wuya.

Kwana huɗu na yi a hanya. Da mota ta fita daga garinmu Jodhpur, ganuwar kan dutse tana ƙanƙancewa a bayana, ni kuwa ina ta laluben rufin gidanku a cikin shuɗayen gidaje har wuyana ya ƙage. Kafin Ajmer ruwa ya shanye gada, muka yini a gefen titi, duwatsu sun yi kore shar, ɗawisu na ta ihu. Wata tsohuwa ta gutsuro mini gurasarta, ta dube ni ta ce, "Ɗana, tokar gawar wa kake kai wa kogi?" Haka fuskata ta koma, Sugna! A Jaipur kuwa, da yake ranar ɗaurin zare ta matso, kasuwa gaba ɗaya zare ce, ja da ruwan ɗorawa da mai ƙyalƙyali, 'yan mata na zaɓar wanda za su ɗaura wa yayyensu. Wani mai talla ya ja rigata yana cewa, "Yaya, ƙanwarka ta saya maka kuwa?" Saura ƙiris in shaƙe shi. Delhi a bayan motar albasa na ratsa ta, kaburburan sarakuna na wucewa dama da hagu, ban ɗaga kai na kalli ko ɗaya ba.

Me nake gani in ba ke ba? Bara war haka, ranar ɗaurin zare, kika hau rufinmu da jan zare a hannu kina cewa, "Miƙo hannu, yaya!" Ke kin san duk namijin da mace ta ɗaura wa zaren nan ya zama wanta har abada. Na tsallake katanga ba ko waiwaye, na faɗa cikin ramin baba har ƙugu. Kika yi dariya har da riƙe ciki, sannan kika cusa zaren a bakin zanenki kika ce, "To, yanzu na sani." Wayyo, ina ma duniya ta tsaya a wannan hantsin!

Jiya malamin, Pandit Shambhu, ya kwance dogon littafinsa mai jan bango, ya riƙa bin sunaye da yatsa, daga ubana ya hau zuwa kakana, har kakanni bakwai. A nan yatsan ya tsaya. Wasu 'yan'uwa biyu, Hukma da Deva, sun kawo wa kogi tokar gawar ubansu tare, suka dangwala yatsu a littafin gefe da gefe. Hukma namu ne. Deva naku ne. Baffanki ya yi gaskiya.

Na kama ƙafafun tsohon na roƙe shi ya juya shafin, ya yi kamar bai gani ba. Ya kalli hannuna ya ce, "Ɗana, ni ba na rina takarda." Ba zan ɓoye miki ba, na zauna a matakalar kogi ina saƙa yadda zan dawo in ce ruwa ya cinye shafin. Wa zai sani? Amma yaya zan kalli idanunki kullum da ƙarya a ƙarƙashin harshena? Gara ki ji daga bakina kafin kowa, shi ya sa da na ci karo da mijin ƙawarki Kamla a nan na ba shi wasiƙar nan, motarsa za ta riga ni isowa.

Yanzu ki saurare ni, rabin raina. Wani lauya da muka zauna kujera ɗaya a mota ya ce mini in an wuce kakanni biyar, kotu ba ruwanta, za ta ɗaura mana aure. Dangi ne ba za su yarda ba. Innarki ba za ta ƙara cin abin da kika dafa ba, za a hana ni marinar ubana, ƙofofin unguwa duka za su rufe a fuskarmu. Ni na auna, na ɗauka. Ke fa? Ba ni da ikon ɗaukar miki, kuma tsoro nake ji, Sugna, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Alhamis ce ranar zare. Da hantsi zan tsaya a gindin hasumiyar agogon garinmu, wurin mai ƙosan barkonon da kike so. In kin zo da zare, wannan karon ba zan tsallake katanga ba. Zan miƙa hannun dama ki ɗaura, in ba ki kyautar ƙanwa kamar yadda ake yi, in tsare mutuncinki har ranar da za a kawo tokata nan, kuma na rantse da ruwan nan ba wata mace da za ta shiga ɗakina. In kuwa kin zo hannu wofi, motar Ajmer tana tashi da tsakar rana, kujera biyu zan kama.

Na ce zaɓi naki ne, amma zuciya ba ta jin magana: don girman soyayyar nan, kar ki zo da zare! Tun daga nesa hannunki zan fara kallo, kafin fuskarki.

Naki har abada, ko da wane suna kika kira ni,
Girdhari