Ƙarfe Goma a Ƙofar Gandun Daji

Asabar, bayan Isha'i, Moshi Zango

Mun dawo ba mu ga giwa ba. Baba ya daɗe yana son ganinta kafin idonsa ya gama rufewa, shi ya sa na kama mana lokacin shiga gandun daji ta waya, ƙarfe goma daidai. Mota ta lalace mana bayan Techiman, sai sha ɗaya muka isa.

Mai gadi ya ce, "Hajiya, na'ura ba ta jin magiya. Babu gurbi sai wata mai zuwa."

Na roƙe shi har muryata ta dushe. Muka tsaya nan cikin rana, ba gaba ba baya, Baba na riƙe da ƙarfen ƙofa yana leƙe.

Can ya ce, "Ramatu, kamar ga wata giwa can tsaye."

Kututture ne. Na ce masa ni ma na gan ta.