Tulun Baba

Saint-Joseph, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Théophane,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Solange da yara. Yaya hutun bakin teku? Yaya surukanka na Paris? A hoton da ka turo na ga rana ta dafa su lugub. Mama tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Takarda na ɗauka maimakon waya, domin a waya ihu zan yi, likita kuwa ya hana ni.

Jiya na buɗe kabad ɗin marigayi Baba in duba tulun giyar rake, tunda bikin 'yata Maryse ya matso, sai na tarar da gurbinsa kawai. Mama ta ce, "Ai ƙanenka ya ara, wai zai ɗanɗana wa baƙi." Na koma kan hotonka. Ga tulun nan a kan rairayi, tsakanin tukunyar shinkafa da silifas, ga surukinka riƙe da kofi, da ƙanƙara a ciki, da 'yar laimar takarda a kai. Laima, Théo! Giyar da ta tsufa a duhun kabad tana shan banila da kirfa da ɓawon lemo, yau ita ake kare wa rana.

Ban ce kada a sha ba, don sha aka yi ta. In ta yi ƙasa, a ƙara sabuwa a kan uwar da ke kwance a gindi, ta ɗauki ɗanɗano. Haka Kaka ya yi, haka Baba ya yi, tulun bai taɓa bushewa ba. Ka dawo mini da shi yadda yake. Daga cikinsa za a zuba wa ƙasa ɗigon farko ranar bikin, don Baba ya samu rabonsa.

Ka gaida kowa, har da mai laima.

Yayanka,
Anicet

Saint-Joseph, ranar Asabar

Théophane,

Ina gaishe ka, domin an koya mini gaisuwa. Da fatan kana lafiya. Ni dai ba na lafiya.

Tulun ya iso. Yana ƙyalli, yana ƙamshin sabulu, an ɗaure bakinsa da leda, don ko matoshin ka yar. Mama ta faɗa mini abin da ka ce mata: "Wani baƙin datti na gani a gindi, na ji kunyar baƙi, na zubar."

Datti! Banilar da Kaka ya shuka da hannunsa ce dattin. Ɓawon lemon da Baba ya fere ranar da aka haifi Maryse, ya jefa ciki yana cewa a bikinta zai sha, shi ne dattin. Na sha karanta labarin sarakunan da suka rushe garuruwan iyayensu, amma ko cikinsu ban ga wanda ya bi da soso ba. Da Solange ce ta yi, da na ce baƙuwa ce. Kai kuwa a ɗakin nan aka haife ka, kana rarrafe kana lasar cokalin Baba. Zaman Faransa ya koya maka tsabta, madalla. Yanzu ƙaguwar bakin teku na can na tangaɗi da gadonmu.

Mama ta kwance ledar. Ta shanshana bakin tulun, ta mayar da shi gurbinsa, ta rufe kabad a hankali. Da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kada ka zo bikin. Ka ci gaba da hutunka.

Anicet

Saint-Joseph, ranar Alhamis

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gwiwoyinka? Solange ta ce tun da takardata ta iso kake rarrafe a rairayi kana tonawa da murfin tukunya, har masu hutu suka ɗauka zobe ya faɗi, suka taya ka.

Ƙunshinka ya iso. Matoshi ne baƙi ƙirin, da yashi a jikinsa, ba ko layi ɗaya na ban haƙuri. Na kai shi hanci don in samu abin da zan ƙara zaginka da shi, sai na ji ƙamshin ɗakin Baba gaba ɗaya. Dole na nemi kujera.

Ban toshe tulun da shi ba, ciki na jefa shi, ya zama sabuwar uwa. Na cika da sabuwar giya, Mama ta tsaga banila, Maryse ta fere lemo. Kafin biki ba za ta nuna ba, ɗanya sharaf za ta kasance mai ƙona maƙogwaro, kuma kofinka zai fi na kowa cika.

Kada ka ɗauka na huce. Ka zo da wuri, ka sa rigar kirki. Kai za ka zuba ɗigon farko a ƙasa, a gaban dangi, ka yi wa Baba bayani da bakinka. Ni na gaji da yi maka tafinta.

Laimar kuma ka bar ta a bakin teku.

Yayanka dai,
Anicet