Hedimasta da Goyona

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Jos, ya maigidan da yara? Ƙafar taki ta yi sauƙi? Mu nan Madabo lafiya lau.

Na gama wankan jego na koma koyarwa, Sadiya a bayana. Hedimastanmu, wanda ya cika tumbinsa da naman sunanta, ya tare ni a ƙofa, wai makaranta ba gidan raino ba ce, wa ya aike ni haihuwa da wuri. Dole nake barin ta wurin Inna, tana kuka ina kuka.

To, jiya sabon kansilan nan na farar hula ya zo da mai hoto. Sai ga hedimastan yana rawar jiki, hula a karkace: "Malama Rabi, maza ɗauko 'yar tamu, Ranka-ya-daɗe zai yi hoto da ita, a ga muna kula da iyaye mata."

Wai 'yar tamu! Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Malam, ai makaranta ba gidan raino ba ce."

Ki gaida kowa, ki kuma sa ni a addu'a, don hedimastan ya rantse sai an mayar da ni ƙauye. In an mayar, da goyona zan shiga aji.

Ƙanwarki,
Rabi